Ƙwayar da na sa wa kare a tuwo

Shekara biyu bayan rasuwar maigidana Alhaji, a daminar da ruwa ya shigo mana tsakar gida a unguwarmu ta Bromakoté har ya tafi da turmina, karen gidanmu ya fara ciwo. Alhaji ne ya kawo shi don gadin shagon atamfa. Shekara tara muna gida ɗaya ban taɓa kai hannu jikinsa ba. Da dogon ludayi nake zuba masa abinci. Kowa a layinmu ya san Hajiya ba ta harka da kare.

Sai ya kama tafiya yana tangaɗi, wuya a sanƙare, in ya sunkuya ga kwano ya yi kuka. Ni kuwa na san ciwo in na gan shi. Ina da wasu ƙananan fararen ƙwayoyi da likita ya rubuta mini saboda kumburin gwiwa. Na riƙa cusa ɗaya cikin lomar tuwo, in faki ido in jefa masa. Kwana biyar ya ɗan miƙe, har ya yi wa mai kwasar shara haushi.

Autana, wanda boko ya sa Hausa ta yi masa nauyi a baki, ya ce duk da haka sai an kai shi wurin likitan dabbobi a unguwar Treichville. Wai akwai wani abu a jini da yake hawa in kumburi ya kama ƙwaƙwalwa ko laka, shi za a auna. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, dokta ya ce a waya in tambaya, an ba shi wani magani?"

Surukata, matar autan, tana zaune, ga maƙwabciyarmu tana tsintar shinkafa. Maƙwabciyar ta kwashe da dariya. "Hajiya da jinyar kare? Kai, ka ji tsoron Allah!"

Na ce, "Ka ga na yi kama da likitan karnuka?"

Awo ya fito ƙasa, babu alamar kumburi. Likita ya ce wataƙila tsufa ne ya taɓa masa baya, a mayar da shi gida ya huta. Ni kuma tsoron kada a gano ni ya kama ni, na daina ba shi ƙwayar. Mako biyu ciwon ya dawo da ƙarfinsa, ya riƙa shure-shure, ya mutu gindin mangwaro da hantsi, ina tsaye da ludayi a hannu.

Daga baya na ji autana yana gaya wa matarsa cewa likitan ya yi mamaki, ya ce maganin kumburi ne ke danne awon haka, ga shi kuwa ba wanda ya ba shi. Na ci gaba da tankaɗen garina.

Maƙwabciyar da ta yi dariya ta rasu bara, Allah ya ji ƙanta, amma har yau dariyar tana kunnena. Likitan yana nan, an ce. Autana da matarsa sun koma unguwar Saint-Michel, bai sake ajiye kare ba. Ni ma ina nan da gwiwata, kuma kullum da safe in na haɗiyi ƙwayar nan sai ta tsaya mini a maƙogwaro.