Tagar da Ba Ta Kallon Bishiyoyi

A tashar Birnin Gwari wani dattijo yana zaune, sabuwar jakar tafiya a cinyarsa. Rigarsa ta yi masa yawa, kamar ta aro. Kaduna za shi ya kwana, gobe a kai shi filin jirgi.

Yana waya da ɗansa: "Salmanu, samo mini masauki mai arha. Amma ban son taga mai kallon bishiyoyi."

Sai ga babura uku a guje. 'Yan acaɓa ne kawai. Dattijon ya saki wayar, ya haɗa hannayensa biyu ya miƙa, yana jiran igiya. Ban san wata nawa ya yi a dajin nan ba.

A ƙasa, wayar tana ta kira: "Baba? Baba?"