Naman Layya a Gidan Yakubu Kafinta

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Yakubu kafinta, amma bana na fi jin rashinsa, don rigima nake da Allah kuma ba ni da wanda zan kai wa ƙara.

Mu Kirista ne a tsakiyar Zangon Kumasi. Baba yana aikin katako a unguwar Anloga, yana karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa a hankali, yatsa a kan layi. Duk Babbar Sallah maƙwabta sukan aiko mana da naman layya har kwanoni su ƙare. Yakan karɓa da godiya, amma ba a ɗora tukunya sai ya tara mu ya karanta labarin Ibrahim da ɗansa Ishaku. Mu muna haɗiyar yawu, shi ko a jikinsa. Da ya zo inda Ibrahim ya ɗauki wuƙa sai ya cire tabarau ya ce, "Kai, nan wurin ya fi ƙarfina. Uba ya yanka ɗansa?" Sannan ya rufe littafin ya yi addu'a, kamar ba shi ya yi maganar ba.

Wata shekara na gaji na ce, "Baba, tunda ba ka gane ba, me ya sa kake ta karantawa?" Ya ce, "Mamanku ma ban gama gane ta ba. Kin ga na bar gidan?"

Lokacin dariya na yi. Bara 'yata Rahila ta rasu bayan ta sha fama da sikila. Wajen ta'aziyya sabon fastonmu, yaro mai kirki wanda ba ayar da ba shi da bayaninta, ya ce mini, "Mama, Allah yana gwada ki ne kamar Ibrahim." Na so in ce masa Ibrahim an ba shi rago, ni kuwa na duba ko'ina a asibitin nan ban ga rago ba. Na haɗiye maganar, na kuma daina zuwa coci.

Nakan tambayi kaina me Baba zai yi da yana nan. Wa'azi dai ba zai yi mini ba. Ina jin Anloga zai tafi ya yi wa jikarsa akwatin gawa da hannunsa yana kuka, ranar Lahadi kuma ya sa rigarsa ya fita zuwa coci. Wannan taurin kai nasa yana ba ni haushi har yau, don ni ba na ganin zan iya.

Bai bar mini amsa ba, kuma tsoro nake ji kada bangaskiyar da ya riƙe ta ƙare a hannuna. Abin da na gada kawai shi ne sanin cewa mutum yana iya rasa gane Ubangijinsa bai juya masa baya ba.

Lahadin da ta wuce na koma coci, na zauna a bencin baya. Aka yi waƙa ban buɗe baki ba, aka ce amin ban amsa ba. Ban huce ba. Amma sai da aka tashi na fita.