Kwana Tara Da Na Yi Maka Shiru, Injiniya

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina tsaye gaban na'urar gwajin jini matarka ta kira ni. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "Anti, baban yara ya cika." Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma. Bakina ya faɗa, amma har yau zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya.

Shekara bakwai kana kula da kwamfutocin asibitinmu, ni kuma ina shugabantar ɗakin gwaji. Kafin zuwanka, duk sanda aka ɗauke wuta janareta ya tashi, manhajar da ke fitar da sakamako takan riga babbar kwamfutar ajiya farkawa. Sai ta neme ta ta rasa, ta tsaya cik. Likitoci na ta aike, masu jinya sun cika baranda, mu kuma muna kashewa muna kunnawa.

A makonka na farko ka zauna kan kujerar nan mai karyayyen hannu, ka buɗe baƙin allonka wanda babu hoto sai rubutu, ka rubuta umarni layi goma sha biyu. Aikinsa ya riƙa ƙwanƙwasa wa babbar kwamfuta duk bayan daƙiƙa biyu, sai ta amsa sannan ya bar manhaja ta tashi. In minti uku suka wuce shiru, ya faɗa a fili. Ka juyo kana dariya ka ce, "Anti, na koya wa inji haƙuri. Saura ke."

Ba ka taɓa sa wani ya ji kunyar rashin sani ba. Ranar da na goge sakamakon mako guda bisa kuskure, ka dawo da shi kafin shugaban asibiti ya sauko, da ya tambaya ka ce 'yar matsala ce, an gyara. Ba ka sake ta da maganar ba ko da wasa.

A watan Agustan bara aka kawo sabuwar na'ura. Tana rubuta fayil ɗin sakamako a hankali, manhaja kuma ta fizge shi tun bai kammala ba. Ka rubuta wani umarnin da zai jira fayil ya bayyana, ya daina girma, sannan a ɗauka. Da za a gwada babu jinin da ke ƙasa, sai ka naɗe hannun riga ka miƙo mini. Ni na ɗebi jininka.

Sakamako ya fito muna tsaye tare. Lambar ƙoda ta ninka yadda ya kamata sau biyar. Ka tafa hannu ka ce, "Ya sake ɗauko rabin fayil ke nan." Ni kuwa na ga layin ƙarshe, na san fayil ɗin cikakke ne. Na ce maka, "Wataƙila."

Injiniya, kalmar nan ce ke cina. Bayan ka fita na sake gwada jinin sau biyu, har a tsohuwar na'ura, duk abu ɗaya. Kullum nakan ce gobe zan faɗa maka, in na hango ka da jakarka a kafaɗa sai in sake ɗage maganar. Kwana tara kana neman kuskuren da babu shi, kana ba ni haƙuri wai ka ɓata mini aiki.

A rana ta goma ka shigo ka tura ƙofa. Ka ce, "Anti, na bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya, ba su da laifi. Ni ne, ko?"

Na gyaɗa kai. Sai ka ce, "To alhamdu lillahi, ba mu ba marasa lafiya sakamakon ƙarya ba." Ba ka tambaye ni tun yaushe na sani ba, ni ma ban faɗa ba.

Wata bakwai ana maka wankin ƙoda. A kan gadon ma kana rubuta mini bayanin kowane umarni da manyan baƙaƙe, don ka san idona ba ya gani sosai. Sau huɗu na tambayi likitanka ko kwana taran nan sun rage wani abu. Sau huɗu ya ce a'a. Na kasa yarda da shi, kuma wanda zan roƙa gafara ya tafi.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi. Duk majinyacin da ya samu sakamakonsa a kan lokaci saboda aikinsa, ka kai masa ladan.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarsa, da tagwayensa mata, da dukan 'yan'uwa. Allah ya ba ku dangana, ya raya abin da ya bari. Ke kuma maman tagwaye, sau uku ina zuwa gidanki da maganar nan ina komawa da ita. Ga ta yau a rubuce. In za ki iya, ki yafe mini a madadinsa.