Dasashin Kyanwarmu

Kyanwar ba tamu ba ce tun asali. Ta wata tsohuwa ce Baturkiya da muke ƙofa da ƙofa da ita a hawa na huɗu, a flat ɗin council, wato gidan haya na ƙaramar hukuma, da muke zaune a Edmonton. Da 'ya'yanta suka zo kai ta gidan kula da tsofaffi, aka ce ba a shiga da dabba. 'Yata, tana shekara goma sha ɗaya a lokacin, ta tsaya bakin ƙofa tana kallona har sai da na ce to. Haka aka miƙo mana ita da kwandonta da kwanon cinta. Fara ce mai ɗigon toka a goshi, ita ma ta manyanta.

Ni na fara zuwa ƙasar nan da aikin jinya. Mijina ya biyo ni bayan shekara guda tare da yarinyar. A Kano likitan haƙori ne, ya shekara goma sha huɗu yana aiki, har da ɗalibai a ƙarƙashinsa. A nan kuwa ba shi da izinin taɓa bakin kowa sai ya ci wata jarrabawa, ita kuma samun gurbin zamanta ma aiki ne. Ranar da aka buɗe booking, wato rajistar neman gurbin, kafin ka gama cika sunanka an ce guraben sun ƙare. Sau biyu hakan ta same shi. Sai ya kama gadi a wani babban kanti a Tottenham, tsaye a bakin ƙofa daga safe zuwa la'asar. Ban daina ce masa Dakta ba. Wani lokaci ya amsa, wani lokaci ya yi kamar bai ji ba.

Yarinyar ce ta fara lura. Wata Asabar ta ɗaga kyanwar za ta rungume ta, sai ta kawar da fuska ta ce, "Mama, her mouth smells," wato bakinta yana wari.

Na ce sai a kai ta wurin likitan dabbobi. Mijina ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Kawo ta nan tukuna."

Ya naɗe ta da tawul, ya kunna fitilar wayarsa, ya ɗaga leɓenta da ɗan yatsa. Tun da ya sauka a ƙasar nan ban ga fuskarsa haka ba. Ya nutsu, muryarsa ta koma irin wadda yake wa marasa lafiya magana da ita. Ya nuna mana jan layin da ya bi gindin haƙoranta, ya ce dasashi ne ya kumbura, kuma an tare shi da wuri. A ranar ya yi odar buroshi da man goge baki na kyanwoyi, da wasu siraran takardu na gwaji. Ana goga bakin takardar a gindin haƙora, a ƙirga goma, sai ta canza launi gwargwadon ruɓar da ke cikin dasashin. Akwai katin da ake gwadawa da shi, daga fari, wato lafiya lau, zuwa rawaya mai duhu, lamba ta biyar.

Gwajin farko ya ba da biyu. Kowace Asabar bayan karin kumallo mukan taru mu ukun, ni in riƙe, shi ya goga, yarinyar ta ƙirga. Mako na uku aka samu uku. Ya daɗe yana kallon katin, sannan ya ce hasken ɗakin ne ba shi da kyau. Daga makon da ya biyo ya fara shiga banɗaki da ita shi kaɗai ya rufe ƙofa, wai taro ne ke firgita ta. In ya fito na tambaya, sai ya ce, "Uku ne. Ya tsaya."

Amma ni ma aikina kallon marasa lafiya ne. Na ga tana ɗaukar abinci ta karkata kai gefe guda, ya faɗo daga bakinta. Na ga miyau yana dalala a haɓarta. Ta daina lasar jikinta, gashinta ya cukurkuɗe, ta koma kwanciya a lungun bayan injin wanki. Kwana biyu kwanonta yana nan yadda aka zuba shi.

Wata Alhamis ba ni da aiki, shi yana kanti, yarinyar tana makaranta. Na jawo kyanwar daga lungun na naɗe ta. Ba cizo nake tsoro ba. Ji nake kamar ina laluben aljihun mijina. Na goga takardar, ban kai shida a ƙirge ba ta rine ta kai launin ƙarshe, ga kuma jini a gefenta. Na sake da wata a ɗaya ɓangaren. Haka dai. Na zauna a ƙasan kicin na kira asibitin dabbobin da ke kan babban titi, suka ba ni Asabar ƙarfe goma sha ɗaya.

Sai ranar Juma'a muna cin abincin yamma na iya faɗa masa. Bai ɗaga kai daga faranti ba.

"Kin yi gwajin da kanki?"

"Na yi, Dakta. Biyar ne."

"Ni kuma da na ce uku, ƙarya na yi ke nan."

Ya wanke hannu ya tashi. Yarinyar tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

Washegari na sauka sayen burodi. Da na dawo, tun daga matakala nake jin ƙarar ƙarfe yana bugun tukunya. Na tarar da shi a kicin ya ɗora ruwa yana tafasa, a ciki ga kayan aikinsa da ya zo da su daga Kano cikin jakar fata, waɗanda ban taɓa ganin ya buɗe ba. Ya shimfiɗa farin tawul a kan tebur, ya jera auduga da safar hannu.

"Turmin haƙori ɗaya ne ke kawo duk wannan," in ji shi. "Yana girgiɗi. Minti biyu na cire shi."

"Ba allurar barci?"

"Za ki riƙe min ita."

"Ba zan riƙe ba."

Ya juyo ya kalle ni. A zamanmu ban taɓa ce masa haka kai tsaye ba.

Na ce, "In saiwar ta karye a ciki fa? In jini ya ƙi tsayawa? Dole dai mu kwashe ta zuwa can, su ga abin da aka yi mata a gida. In suka kai rahoto, da sunan wa za a rubuta? Kai da kake jiran a ba ka izinin aiki."

"Haƙora nawa na cire a rayuwata, kin sani?"

"Na mutane, Dakta. A asibiti."

Ya wuce ni ya nufi bayan injin wanki. Ba ta nan. Ya duba ƙarƙashin kujera, sannan ya murɗa ƙofar ɗakin yarinyar, ya ji ta a kulle. Ya ƙwanƙwasa ya ce ta buɗe. Ba ta buɗe ba. Ya sake ƙwanƙwasawa da ƙarfi, har na matso na tsaya kusa da shi ban san abin da zan yi ba. Daga ciki muryarta ta fito a hankali, da Hausar da ba kasafai take yi ba.

"Baba, don Allah kar ka yi. Tana jin zafi."

Ya tsaya da hannunsa a kan mariƙin ƙofar. Tukunya tana ta tafasa a bayanmu. Agogon bango ya nuna goma da minti ashirin.

"Mako uku ke nan ina ganin biyar," ya ce, ba tare da ya dube ni ba. "Na ɗauka zan iya juyo da shi."

Ya koma kicin ya kashe wutar. Sannan ya ce wa yarinyar ta saka kyanwar a kwando ta fito, ba abin da zai yi mata. Shi ya ɗauki kwandon har tashar bas, ya ɗora shi a cinyarsa.

Likitar da muka samu a asibitin matashiya ce, ba ta wuce sa'ar ɗalibansa ba. Ta duba bakin, ta tambayi tun yaushe. Na buɗe baki zan amsa, ya riga ni, ya faɗa mata komai daidai, har da makonni ukun. Zancen kayan da ya tafasa a tukunya kaɗai ya bari. Ta ce saboda shekarun kyanwar sai an gwada jini kafin a sa ta barci, ta ba ta allurar rage zafi, ta sa mana Litinin.

Ya nemi a canza masa ranar aiki ya zo. Da yamma likitar ta kira mu ta nuna mana hoton haƙoran a kwamfuta. Haƙora shida ta cire. Mijina ya matsa kusa ya nuna turmin nan da yatsa, ya ce saiwarsa ta cinye ta manne da ƙashi, da an ja da ta karye. Ta kalle shi ta tambaya ko likitan haƙori ne. Ya ce, "A ƙasarmu." Sai ta juyo masa da kwamfutar sosai, suka yi kusan minti goma suna magana a kan abin da ni ban gane rabinsa ba.

Kwana uku bayan haka kyanwar ta fara cin abinci mai laushi. Likitar ta ce a bar bakin ya warke, sannan a riƙa gwajin sau ɗaya a wata, in ya wuce biyu a dawo. Da lokacin ya yi, a kan teburin falo ya yi shi. Ya ƙirga goma, ya miƙo min takardar da katin ya ce in karanta. Na kai su bakin taga na duba. Ɗaya ne.