Lasisin Iya Falmata

Damina ce mai ruwa, shekarar da kwatocin Fagge suka cika har muka riƙa tsallake ƙofar gida a kan bulo. Kowa na ƙorafi, ni kuwa daɗi nake ji, domin bayan isha'i kakarmu Iya Falmata tana gasa masara a bakin murhu tana yi mana tatsuniya.

Sai yayana Auwalu ya samo na'urar gem ta hannu, ya kai Sabon Gari aka yi mata aiki don ta karɓi wasanni daga filash. Nan take yaran gida suka koma gaban talabijin. Ni kaɗai na rage wa Iya, ita kuwa ba ta fasa gasa masarar kowa ba, sai ta huce a faranti.

Ranar da ya loda wasan ƙwallo, komai ya shiga lafiya, amma da ya danna sai hoton kwaɗon kulle ƙofa ya fito. Mai gyaran ya manta bai sa masa lasisi ba, wani ɗan fayil da idan babu shi wasa ba ya buɗuwa. Ga ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba halin komawa Sabon Gari. Ɗaya bayan ɗaya suka dawo murhu, Auwalu a ƙarshe.

"Wato abin yana ciki, amma sai an ba ka izini?" in ji Iya.

"Haka ne, Iya."

"To, masu wayo ne."

Ta ɗauko labarin wata kura da ta ari takalman ɗan akuya don zuwa biki. Suka matse ta, santsi ya ɗebe ta, ta faɗa rijiya. Tana ciki sai ga mai takalman ya leƙo. A nan Iya ta yanke labarin, ta juya masara.

"Sai me, Iya?" in ji Auwalu, da gemunsa da komai.

"Kwaɗo ya fito, malam. Lasisin yana wajen wanda ya zo gobe."

Sai da na haifi nawa, na ga yadda waya ke ɗauke min su ina tsakiyar magana, na gane ba rowa Iya ta yi ba. Tsoro take ji kada a bar ta da murhu ita kaɗai.

Washegarin wancan daren da sassafe ta ɗauke filash ɗin daga kan talabijin, ta ƙulle shi a bakin zaninta tare da goro. Ta ce Auwalu ya zo ya karɓa ranar da kura ta fito daga rijiya.