Ɗacin Maganin Ido a Watan Azumi

Ɗinkin babbar riga nake yi a zauren gidanmu a cikin birni tun ina saurayi. Shi ya sa ranar da likita ta ce ina da hawan jinin ido, ban tambaye ta komai ba sai batun allura. Ta ce muddin na riƙe magani, zan ci gaba da zura zare. Ta ba ni wata 'yar kwalba, in ɗiga safe da rana da yamma.

Maganin nan yana da mugun hali. A ido za ka sa shi, amma can sai ka ji ɗacinsa a maƙogwaro kamar ka tauna maɗaci. Ban damu ba sai da azumi ya kama.

Ina da wani taubashi mai sayar da hatsi, wanda karatunsa bai wuce nawa ba, amma bai taɓa rasa fatawa ba. Ya shigo zaure bayan azahar ya tarar ina yatsine fuska.

"Kai tsohon banza, me kake haɗiya da rana tsaka?"

"Magani ne. Ta ido na sa."

"Ta ido ko ta kunne, ya kai maƙogwaro ko bai kai ba? To, sannu da karin kumallo. Shiga ciki a dama maka koko ka cike."

Na zage shi, ya rama, ya tafi. Amma maganar ta zauna min. Liman yana nan bayan gidanmu, ban je ba, don kada a ce da furfurata ban san abin da ke karya azumi ba. Na daina ɗiga na rana. Idon bai ce uffan ba, ba zafi, ba ja. Da na ga haka sai na sallami na safe da na yamma ma. Mai ɗakina ta tsinci kwalbar a kan taga ta yi ƙura.

"Malam, wannan fa?"

"Hutu na ba shi."

Bayan salla ina tsallaka titi a Ƙofar Doka, wani keke napep ya taho ta hagu. Ban gan shi ba sai da ya ja min hannun riga. Direban ya ce, "Baba, makaho ne kai?" Washegari na koma asibiti.

Likitar, wata 'yar Wusasa mai dariya da yawa, ranar ba ta yi dariya ba. Ta ce a bayan ido akwai jijiyar gani, kuma jini ne ke kai mata iskar da muke shaƙa ta wasu 'yan hanyoyi da suka fi zarena siranta. Idan ruwan cikin ido ya taru yana matse su, jijiyar tana shaƙewa a hankali ba tare da ciwo ba. Maganin shi ke sassauta matsin.

"Baba, kai aka wajabta wa azumi. Wa ya ce ka sa jijiya?"

Ta kama yatsana ta danna a lungun ido kusa da karan hanci. Ta ce in na ɗiga, in rufe ido in danne nan na ɗan lokaci, ɗacin ba zai sauka ba. Abin da yatsa ɗaya zai yi min ke nan.

Abin da ya tafi a gefen hagu bai dawo ba, ta ce kuma ba zai dawo ba. Tsakiyar ganin dai tana nan, da ita na gama aikin aska takwas a rigar wani alhaji kwanan nan. Sai dai maƙwabta sun fara cewa na yi girman kai, ana ɗaga min hannu ba na amsawa. Mai ɗakina kuwa ta gane inda ba na gani. Duk ranar da muka saɓa, ta hagu take zama, kuma na tabbata murguɗa min baki take yi.