Cikin da Duk Gida Ya Sani, Ba Mai Faɗa

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, amma ba na jin zai iya kwashe wani azumi da muka yi a Tamale, ba da daɗewa da samun 'yancin kai ba. Lokacin na dawo daga jami'a a kudu, an ba ni aikin koyarwa, ina zaune a gidanmu na unguwar Moshi Zongo tare da mahaifiyata da muke kira Mma, da kakata, da matata wadda ba mu cika shekara da aure ba.

Matata tana ɗauke da cikin fari. A gidanmu kuwa ba a ambaton cikin fari, ko da ya fito ya yi tsini. Kunya ce, sai kowa ya kau da kai. Azumi ya kama a tsakiyar zafi, ta ɗauka tare da kowa. Na ce mata a ɗaki, "Ina ganin kamar addini ya yi miki sauƙi fa." Ta ce, "Malam, in Mma ta gan ni da moɗa a hannu da rana tsaka, me zan ce mata?"

Daga baya na lura ba ta rabuwa da buta. Ta shiga banɗaki ta fito tana cije leɓe, kafin ta zauna ta sake miƙewa. Da na matsa mata, ta ce fitsari ne yake ƙona ta kamar barkono, kuma ɗigo kawai yake yi. Ko an sha ruwa ba ta wuce kurɓa ɗaya, don kada ta yi ta ratsa tsakar gida a gaban surukai. Na ce wataƙila zafin gari ne, mu ɗan duba zuwa gobe. Ni dama haka nake, ba na yanke magana sai na juya ta ta kowane gefe.

Wata rana bayan azahar na dawo daga makaranta, na jingine kekena, na same ta cikin bargo a wannan zafin, haƙoranta suna kaɗawa, ta dafe kwiɓinta ta baya. Na fita wajen Kaka, tunda da ita kaɗai nake wasa. Tana zaune a inuwa, Mma kuma tana gefe tana tankaɗe garin tuwo.

Na rage murya na ce, "Kaka, a misali, in mace tana cikin wani hali, kuma mai yiwuwa..."

Ta ce, "Kai ɗan boko, misalin nan naka ba shi da suna ne? Zazzaɓi ne. Zan dafa mata ganye, ta sha in an kira magariba."

Na dubi rana, ko la'asar ba a yi ba. Har yau ban san inda na samo muryar ba. Na juya wajen mahaifiyata na ce, "Mma, ciki gare ta. Fitsari yana ƙona ta, jikinta kamar wuta. Asibiti za mu tafi yanzu."

Mma ta ja mayafi ta rufe fuska. Na tsaya ina jiran faɗa, sai Kaka ta tafa hannu ta ce, "Madalla! Yau an sami marar kunya a gidan nan. Mu da muka gane tun tana tsartar da yawu a bayan ɗaki!" Ashe tun farkon azumi Mma take son ta ce wa matata ta ajiye azumin, amma tana tsoron ta kunyata surukarta. Ta tashi ta ɗebo ruwa a randa da hannunta, ta shiga ɗakinmu, ɗakin da ba ta taɓa taka ƙofarsa ba, ta ce, "Sha, 'yata. Ni na ce ki sha."

Maƙwabcinmu mai fataucin goro ya kai mu a motarsa. Aka auna fitsarinta. Likita ya ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga mafitsara, abin da kan sami masu ciki, ƙarancin ruwa da riƙe fitsari kuma suka ba su dama har suka fara hawa ƙoda. In ban manta ba, ya ce da an ƙara jinkiri zai iya tayar da naƙuda ba lokaci ba. Sai wata nas 'yar ƙabilar Dagomba ta kafa ɗan ƙahon sauraro a cikinta, tana saurare, ni kuwa na dafe bango. Ta ɗago ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Maigida, yaro yana nan, yana buga ganga. Kai je ka zauna kafin ka faɗi." Na zauna a ƙasa, ba ma a benci ba.

Aka kwantar da ita, ana yi mata allura, Mma tana gefe tana ɗura mata ruwa, har zazzaɓin ya sauka. Da damina ta yi nisa matata ta haifi 'ya mace lafiyayya.

Ba zan ce kunya ba ta da kyau ba. Da ita aka rene mu, kuma ina ganin ta riƙe gidaje da dama. Abin da na koya dai shi ne, in ciwo ya shigo gida, dole a sami mutum ɗaya da zai yarda a kira shi marar kunya.